Haruffa Uku da Dhirendra Bai Duba Ba

Akwai wani matashi a unguwar Musallahpur, cikin birnin Patna, ana ce masa Dhirendra. Matashi dai don bai yi aure ba, amma furfura ta fara leƙowa a gefen kansa. Shekara bakwai yana neman aikin jirgin ƙasa. Sau biyu ya zauna jarrabawar, sau biyu ya faɗi da ɗan kaɗan. Na farko ya ce zazzaɓi ne. Na biyu ya ce tambayoyin tarihi ne suka yi yawa.

Wannan ta uku ita ce ta ƙarshe. Kafin a sake buɗe wata, shekarunsa za su haura iyakar da gwamnati ta yanka, kuma wanda ya haura ya haura ke nan.

Gidansu ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida. Akwai uwarsa Kaushalya, wadda suke kira Mai. Akwai wansa Birendra, tela, da matarsa Sulekha da 'ya'yansu biyu. Uban ya rasu da daɗewa. Shi mai duba layin dogo ne. Shekara talatin yana fita da doguwar guduma a kafaɗa, yana bin layin da ƙafa, yana ƙwanƙwasa ƙusoshin da ke riƙe ƙarfen. Gudumar tana nan a bayan ƙofar ɗakin Mai, ba mai taɓa ta. Burin tsohuwar ɗaya ne, ta ga ɗan autanta ya shiga aikin da ubansa ya yi wa bauta, amma shi a inuwa, kan kujera.

Tambayoyin jarrabawar ɗari ne, lokaci minti casa'in. Akwai lissafi, akwai tarihi da sanin duniya, akwai kuma na gwada kaifin hankali. A cikin na ƙarshen nan ake saka tambayoyin ɓoyayyen rubutu.

Za a ce maka: a wani rubutun sirri, PATNA ana rubuta ta QBUOB, to yaya za a rubuta GAYA? Sai ka jera haruffan Turanci ashirin da shida, ka lura cewa kowane harafi taki ɗaya aka matsar da shi gaba. P ya zama Q, A ya zama B, haka har ƙarshe. Kai ma ka matsar da na GAYA, ka sami HBZB. Amsa huɗu ake jera maka, ka zaɓi ɗaya. In ka dace, maki ɗaya. In ka kuskure ba a ƙyale ka haka, sai an yanke sulusin maki daga abin da ka riga ka tara.

A nan fa Dhirendra ba shi da na biyu. Gaskiya ce, ba za a hana shi ba.

Yana zuwa ajin wani malami mai suna Pathak, wanda ɗalibai ke kira Guruji, wato babban malam. Mutum ɗari uku ne a ɗaki ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa. Guruji zai rubuta tambaya a allo, kafin ya sauke hannu Dhirendra ya faɗi amsa daga can baya. Ya haddace lambar kowane harafi, daga gaba da daga baya. Sai 'yan ajin suka sa masa suna Ba-Tsayawa, wato jirgin nan da ke wuce ƙananan tashoshi da gudu, ko ɗaga musu hannu ba ya yi.

Kullum Guruji yana faɗa musu abu ɗaya. Da zarar an ba ka farar takardar yin lissafi a ɗakin jarrabawa, ka ɓata minti ɗaya ka rubuta haruffan nan daga A zuwa Z a jere, da lambar kowanne a ƙarƙashinsa. Sannan kowace tambaya ka bi kalmar har harafin ƙarshe. Amma shi ma Guruji yana da nasa laifin. Yana gama faɗar haka sai ya nuna Dhirendra da alli, ya ce ban da irin wannan, shi a kansa takardarsa take. Yabon da ake yi wa mutum a gaban ɗari uku ba ya fita daga kunne da wuri.

Ita kuwa Sulekha ba ta zuwa ajin kowa. Ta gama makaranta tun kafin aure, ta ajiye takardunta a ƙasan akwati shekara tara. Da ƙaramin ɗanta ya shiga makaranta sai ta gaya wa mijinta ita ma za ta gwada. Birendra ya ce ta gwada mana, keken ɗinki bai hana kowa karatu ba. Tsofaffin littattafan Dhirendra take ɗauka. Bayan an ci abincin rana, ta wanke kwanuka, sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna sa'a biyu kafin yara su dawo.

Kuma duk zaman da za ta yi, sai ta fara da jera haruffan nan a saman takarda, da lambobinsu. Sannan ta ɗora yatsa kan harafin farko, ta ƙirga, ta rubuta. Ta koma na biyu. Ko ta gane dabarar tun a harafi na biyu, sai ta kai ƙarshen kalmar.

Dhirendra ya girme ta da shekara biyu, amma matar wansa ce, don haka gaba take da shi. Bhauji yake ce mata, wato matar wa, ita kuma ta ce masa Auta. Akwai wasa tsakaninsu, kamar kowane ƙanin miji da matar wa.

Yakan tsaya a kanta da kofin shayi a hannu, ya ce, "Bhauji, jirgin kaya ya tashi? Muna wace tasha yanzu, M ko N? In kin isa Z ki aiko, mu zo tarba da furanni."

Ita ko kai ba ta ɗagawa. "Jirgin kayan ne ke kawo shinkafar da kake ci, Auta. Matsa, ka tare mini haske."

Da a nan abin ya tsaya, da ba komai.

Kowace Lahadi da safe masu neman aikin gwamnati kan taru a matakalar bakin kogin Ganga su yi jarrabawar gwaji. Dubbai ne, kowa zaune a kan buhu ko jarida. Saura wata ɗaya a yi ta gaske, Sulekha ta bi Dhirendra. Aka gama, aka karanta amsoshi, kowa ya duba nasa. Shi ya sami saba'in da tara, ita sittin da shida.

Suna zaune ana jiran cunkoso ya ragu, ta karɓi takardarsa tana dubawa, don ta koyi inda ta kasa. Sai ta ga wata tambayar ɓoyayyen rubutu da ita ta ci, shi ya faɗi. Ta bi ta da yatsa har sau biyu don kada ta yi masa ƙarya. Sannan ta matso kusa, ta rage murya yadda abokansa ba za su ji ba.

Ta ce masa ya duba nan. Farkon kalmar hanya ɗaya aka bi, amma a ƙarshe an canja. Masu tambayar sun jera amsa biyu da farkonsu iri ɗaya, don su kama mai gaggawa. Ta ce in da ya kai ƙarshen kalmar da ya gani, tunda ya fi ta ido.

Magana ce ta alheri, kuma a asirce aka yi ta. Amma Dhirendra ya ji kamar an mare shi. Ya ce kuskuren masu buga takarda ne. Da ta ce a'a, ga shi nan a fili, sai ya fizge takardar lissafinta, ya miƙe tsaye, ya ɗaga ta sama yadda abokansa za su gani.

"Ku zo ku ga wadda ke koya mini aiki. Mai 'ya'ya biyu, har yau tana rubuta ABCD. Wa ke da alewa ya ba ta?"

Aka yi dariya. Wani ma ya miƙa hannu zai karɓi takardar.

Wasa da matar wa a cikin gida ake yin sa. In ka fitar da shi gaban maza baƙi, ya tashi daga wasa. Sulekha ta miƙe tsaye. Ta karɓi takardarta, ta ninke ta huɗu, ta ja gefen zanenta ta rufe kai, ta yi gaba. Da suka isa gida ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya wa Mai ba. Ta zuba wa Dhirendra abincinsa kamar kullum. Daga ranar dai ba ta ƙara duba takardarsa ba, shi ma bai nema ba.

Ranar jarrabawa ta zo. Garin Darbhanga aka tura su, su biyun wuri ɗaya, zama ɗaya, na rana. Da sassafe Mai ta tsaya a bakin ƙofa da ƙaramin kwano na kindirmo da sukari, ta ba kowannensu cokali ɗaya a baki, kamar yadda ake yi wa mai fita neman sa'a. Suka sunkuya suka taɓa ƙafafunta, yadda ake girmama na gaba a nemi albarkarsa. Ta dafa kan Sulekha. Da ta zo kan Dhirendra ta riƙe shi ta ɗan jima, ta ce masa wannan ce ta ƙarshe, ya yi a hankali.

Ya ce, "Mai, ki fara tambayar farashin kayan zaƙi, don rabawa za ki yi."

A ɗakin jarrabawa kowa da kwamfutarsa. Aka raba musu alƙalami da farar takarda ɗaya ɗaya. Da aka ce a fara, Dhirendra ya ture takardar gefe da bayan hannu. Lissafin ma a ka ya yi shi. Tambayoyin ɓoyayyen rubutu guda biyar suka fito, kuma bai ba kowace fiye da numfashi uku ba.

Ɗaya daga cikinsu ta ce: in RANCHI ana rubuta ta SBOBGH, yaya za a rubuta MUNGER? Ya duba. R ya zama S, A ya zama B, N ya zama O. Taki ɗaya gaba, abin da yara ke yi. Ya matsar da haruffan MUNGER duka gaba, ya sami NVOHFS, ya duba cikin amsoshin, ga ta nan zaune tana jiransa. Ya danna, ya wuce.

Ya gama saura minti ashirin. Akwai damar mutum ya koma baya ya sake duba duk abin da ya amsa. Bai koma ba. Ya naɗe hannu a ƙirji, ya jingina. Daga inda yake yana hango Sulekha a layi na huɗu, ta sunkuyar da kai, yatsanta a kan takarda, leɓenta na motsi. Har ya yi murmushi.

Da lokaci ya cika aka bi ana karɓar takardun lissafi. Ta kowa ta yi baƙi da rubutu. Tasa fara fat, sai sunansa da lambarsa a sama. Wanda ke karɓa ya juya ta gaba da baya, ya dube shi. Dhirendra ya ji daɗin kallon nan ƙwarai. A waje ma shi ya fara ba wa abokansa labari, cewa ko ɗigon tawada bai ɓata musu ba.

A motar komawa suna zaune kujera ɗaya, Sulekha ta kwance ƙullin abincin da ta taho da shi, ta miƙa masa. Ta gaji, amma hankalinta a kwance. Ta ce tambaya goma sha ɗaya ta bari ba ta taɓa ba, lokaci bai ishe ta ba. Ya ce ai jirgin kaya ba ya isa da wuri, an sani. Ta yi dariya, ta ce wadda ta fi cin mata lokaci ita ce ta RANCHI ɗin nan, mai rabi gaba rabi baya.

Dhirendra ya tsayar da tauna.

"Wane rabi?"

"Ukun ƙarshe mana. C ya koma B, H ya koma G, I ya koma H. Baya suka yi." Sai ta dubi fuskarsa.

Ya jera kalmar a ransa, wannan karon har ƙarshe. SBO, sannan BGH. Uku gaba, uku baya. Amsar NVOFDQ ce. Ya tuna ya ma gan ta a jerin, a ƙasan wadda ya danna, farkonsu iri ɗaya. Bai ɗauke shi daƙiƙa biyar ba ya warware ta a cikin motar. Daƙiƙa biyar ɗin ce bai bayar ba a inda ake bukata.

Sulekha ta ce ƙila tasa daban ce, tunda akan juya tsarin tambayoyin. Ta san ba daban ba ce, shi ma ya sani. Ta juya tana kallon gonakin shinkafa ta taga har suka shiga Patna.

Bayan kwana goma aka fitar da amsoshi, kowa ya ga abin da ya danna da abin da ya kamata ya danna. Dhirendra ya duba a wayarsa. Cikin biyar ɗin nan uku ya faɗi, kuma duka ukun ciwo ɗaya ne: farkon kalma daidai, ƙarshenta ya bi wata hanya. Maki uku sun tafi, an kuma yanke masa ɗaya a kai. Ya ce wa kansa ba komai, sauran za su ɗauke shi. Haka ya yi ta faɗa wata biyu.

Da sakamako ya fito, abin da ya raba shi da wucewa bai kai maki ɗaya ba. Da ya gyara ko guda cikin ukun nan, da ya haye. Sulekha ta wuce, da ƙyar, amma ta wuce. Cikin tambayoyin da ta amsa, huɗu kacal ta kuskure.

Gidan ya rasa yadda zai yi. Birendra ya sayo kayan zaƙi ya ɓoye a ƙarƙashin keken ɗinki, ya kasa fitowa da su. Sulekha ta shige ɗakin girki ta ƙi fitowa. Dhirendra yana zaune a bakin gadonsa da waya a hannu, sai Mai ta aiko a kira shi.

Tsohuwar ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta da yatsa take dangwalawa. Tana zaune a ƙasa tana tsince wake a faranti. Ta ce ya zauna, ya gaya mata abin da ya faru, kuma kada ya kawo mata zancen zazzaɓi ko tarihi. Ya fara bayanin haruffa da taki gaba da taki baya. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Ni ban san wannan ba. Abin da aka ce ka duba, guda nawa ne?"

"Shida, Mai."

"Ka duba nawa?"

"Uku."

"Lokaci ne ya ƙare maka?"

"A'a. Saura minti ashirin na gama."

"Me ka yi da su?"

"Na zauna."

Mai ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta nuna bayan ƙofa da haɓa, inda gudumar take jingine.

"Ubanka shekara talatin yana bin layi ɗaya. Ya san kowace ƙusa kamar yatsun hannunsa. Ban taɓa jin ya ƙwanƙwasa uku ya ce sauran ma lafiya suke, ya dawo gida shan shayi ba. Da haka yake yi, da mutane sun mutu. Ba su yi kuskure da suka ƙi ɗaukarka ba, Dhirendra. Ni ma ba zan hau jirgin da kai ka duba ba."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ranar ko bayanta. Ta ƙwala wa Birendra kira, ta ce ya fito da abin da ya ɓoye, ya raba wa maƙwabta, surukarta ta ci jarrabawa.

Sulekha ta ci sauran matakan ɗaukar aikin ma, a hankali, yadda ta saba. Aka ba ta aikin akawu a wata ƙaramar tasha, tafiyar sa'a biyu daga Patna, irin tashoshin da jirage masu sauri ba sa tsayawa. Shi kuwa Dhirendra, ƙofar ta rufe. Guruji ya ɗauke shi yana koyar da sababbin ɗalibai. Yana da ƙwazo a aikin, ba shakka. Amma duk wanda ya zauna a ajinsa ya san doka ɗaya: ba ya karɓar amsa daga bakin kowa sai ya ga haruffa ashirin da shida a jere a saman takardarsa. In wani mai kaifin kai ya ce shi ba ya bukata, Dhirendra ba ya gardama da shi. Sai ya rubuta masa RANCHI a allo.

Ranar da Sulekha za ta fara aiki, shi ya ɗaukar mata jaka zuwa tasha. Tun daga abin da ya faru a bakin kogi bai taɓa ba ta haƙuri ba, kuma bai san ta inda zai fara ba. Jirgin ya shigo, mutane suna turereniya. Sai ya ajiye jakar, ya sunkuya a gaban jama'a, ya taɓa ƙafarta ta dama. Rabonsa da yin haka tun ranar da aka kawo ta gidan tana amarya.

Zai miƙe ke nan ta dafa kansa ta mayar da shi ƙasa.

"Biyu ne, Auta," in ji ta. "Kada ka taɓa ɗaya ka ce ɗayar ma haka take."

Ya taɓa ta hagun. Sannan ya ɗauki jakar ya shigar mata.

Darasi: Kaifin kai ba ya hana mutum duba aikinsa har ƙarshe, kuma abin da ka fi ƙwarewa a kai nan ne girman kai zai kayar da kai. Kada ka raina mai tafiya a hankali, kada kuma ka wulaƙanta wanda ya nuna maka kuskurenka a asirce. Ku tura wa duk ɗan da ke shirin jarrabawa, musamman wanda ake yawan yaba wa, ya karanta tun takardarsa tana hannunsa.